Yadda Ake Fara Harkar Gidaje Da Haya Mai Zaɓin Saye

Akwai wata harka da masu kasuwancin gidaje a Amurka suka daɗe suna yi, suna ce mata lease option, wato ka karɓi gida haya amma da wata takarda daban wadda ta ba ka damar ka saye shi a kan farashin da kuka yanke yau, nan da shekara biyu ko uku, in ka ga dama. In ba ka ga dama ba ka yi tafiyarka, ba mai kama maka riga. Shi kuwa mai gidan an ɗaure shi, ba shi da ikon sayar wa kowa har wa'adin ya cika. 'Yan'uwanmu da ke zaune a can suna yawan cin karo da tallarta a YouTube, wani ya tsaya gaban dalleliyar mota yana cewa wai za ka mallaki gida ko sisi ba ka saka ba. Toh ba haka abin yake ba. Ana samu a harkar, wannan gaskiya ne, amma ka sani tun yanzu gidan ba naka ba ne, sunan mai shi ne a takarda har ranar da ka biya, kai abin da ka riƙe lokaci ne da farashi, shi ya sa kusan duk aikin ya ƙare a kan binciken mai gida da kuma rubutu.

Bari mu fara da lissafi don ka ga inda kuɗin yake fitowa

Tsarin da ya fi yawa a wajen masu neman riba shi ne ka shiga tsakiya. Ka karɓa a hannun mai gida, ka ba wa wani da yake son ya saya amma banki bai yarda da shi ba tukuna. A ce gida ne a Columbus ta jihar Ohio, kun yanke da mai shi dala 200,000, wa'adi shekara 3, ka ba shi kafin alƙalami dala 3,000, haya kuma 1,400 duk wata. Sai ka samo mai shiga, ka yanke masa 220,000, wa'adi shekara 2, ya ba ka kafin alƙalami 7,000, haya 1,650.

Kaga tun ranar farko 4,000 ta rage a hannunka. Duk wata 250 tana shigowa, a wata 24 ta zama 6,000. Ranar ciniki shi zai cika maka 213,000 kai kuma ka cika wa mai gida 197,000, saura 16,000. In ka haɗa gaba ɗaya 26,000 kenan kafin a cire kuɗin lauya da haraji da kuɗin rufe ciniki. Wannan shi ne lissafin da masu talla suke nunawa su tsaya. Abin da ba sa nunawa: mutumin ya tashi a wata na 8, gidan ya zauna wata 3 babu kowa, kai kuma dole ka ci gaba da biyan mai gida, 4,200 kenan, waccan 4,000 ɗin ta tafi har da ciko. Ga na'urar ɗumama gida ta mutu a watan Janairu ana tsaka da ƙanƙara. Don haka duk wanda ba shi da ajiyar hayar aƙalla wata 4 zuwa 6 a gefe, ni dai a ganina ya dakata ya tara tukuna, kuma kafin alƙalamin da ka karɓa kar ka taɓa shi, ajiya ce.

Na farko: dokar jiharka da lauya

Kafin ka kira kowa ka san jihar da kake, don kowace jiha da nata. A Texas tun 2005 suka tsaurara, duk irin wannan yarjejeniya da ta wuce kwana 180 ta faɗa ƙarƙashin wata doka mai sharuɗɗa masu nauyi da tara mai zafi, musamman in akwai bashin banki a kan gidan, har yawancin masu harkar a can suka haƙura da dogon wa'adi. North Carolina ma ta yi tata dokar a 2010. Ka nemi lauyan gidaje na jihar, ba lauyan shige da fice da ya yi maka takardun zama ba, kuma dan Allah kar ka sauke fom daga intanet ka cike. Ka tambaye shi har maganar lasisi, saboda in kana haɗa mai gida da mai saye kawai kana karɓar la'ada to dillanci kake yi, shi kuma sai da lasisi. Abin da yawanci yake fitar da kai shi ne ya zama kai da kanka ne ka karɓi hayar, sunanka ne a yarjejeniyar.

Na biyu: wane irin mai gida kake nema

Wanda yake son kuɗinsa a dunƙule yau ba naka ba ne, kar ka ɓata masa lokaci. Kai kana neman wanda biyan wata-wata ne ya dame shi. Wanda aka yi wa canjin wajen aiki ya koma wani gari yana biyan gida biyu, ko wanda ya sa gida a kasuwa wata da watanni ba a taya ba, ko wanda ya gaji da 'yan haya da kiran waya tsakar dare famfo ya fashe, ko wanda bashin da ke kan gidan ya kusa kai darajar gidan ta yadda in ya sayar ya biya ejan ba abin da zai rage masa. Akwai kuma waɗanda suka ci bashin gida a 2020 da 2021 lokacin da ruwan ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin 100, daga baya ya haura kashi 7 a ƙarshen 2022, irin waɗannan biyansu na wata ƙarami ne, to akwai sarari tsakanin abin da suke biya da hayar unguwa.

Inda ake samun su ba wani ɓoyayyen wuri ba ne, shafukan talla na intanet irin su Zillow, Craigslist da Facebook Marketplace, allunan haya da mai gida ya kafa da kansa a bakin ƙofa, da tallan sayarwa da wa'adinsu ya ƙare. Ka fi mayar da hankali kan masu ba da haya, su sun riga sun yarda da karɓar kuɗi a hankali. Maganar ma gajeriya ce: na ga gidanka na haya, in na ɗauke shi na shekara 3, ina biya kan lokaci, ƙananan gyare-gyare a kaina, za ka yarda ka sayar min a ƙarshe? Yawanci za su ce a'a, ka yi godiya ka kira na gaba. Wanda ya ce toh ya abin yake, shi ne za ku zauna. Kuma tun a zaman farko ka gaya masa ba kai za ka zauna a ciki ba, wani za ka saka, kar ka bari ya gano da kansa.

Gidan kansa ya zama irin wanda iyali ke so, ɗaki 3, unguwa mai makaranta mai kyau, wanda ba ya neman babban gyara. Kar ka zuba kuɗin gyara a gidan da ba sunanka a kai.

Na uku: bincike, nan ne ake faɗuwa

Ka sa a ranka cewa ko da ka yi komai daidai, mai gida shi kaɗai zai iya rusa ka. Kana ba shi 1,400 duk wata yana sawa a aljihu ba ya kai wa banki, wata rana sai ga takardar ƙwace gida an liƙa a ƙofa, mutumin da ka saka da matarsa da yaransa suna ciki, ya ba ka 7,000, wa zai kama? Kai mana.

Saboda haka ka biya kamfanin binciken takardun mallaka su duba maka: sunan wa ke kan gidan, mutum nawa ne, akwai bashi na biyu, akwai harajin gida da ba a biya ba, akwai hukuncin kotu ko ɗan kwangila da ya liƙa bashinsa a kan gidan. Ka ce mai gida ya nuna maka takardar bankinsa ta watan da ya wuce, ka ga ragowar bashin da idonka ka ga ba a bin sa ko wata ɗaya. In ragowar bashin ya fi farashin da kuka yanke to ranar ciniki ba zai iya sakar maka gidan ba sai ya ciko daga aljihunsa, kuma ba zai ciko ba. Wanda ya riga ya makara da biya wata biyu uku, komai daɗin farashin, sabon shiga ya bar shi. Sannan ka kawo mai duba lafiyar gini ya hau rufi ya shiga ƙasa ya duba wayar wuta da bututu, ka kuma duba nawa aka sayar da gidaje irinsa a layin cikin 'yan watannin nan, da nawa ake haya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani ku biyun. Kusan duk bashin gida a Amurka akwai sharaɗin cewa in mai gida ya miƙa wani haƙƙi na gidan ga wani, banki na iya cewa a biya shi duka kuɗinsa nan take. Dokar tarayya ta 1982 ta kare hayar da ba ta wuce shekara 3 ba, amma da sharaɗin babu zaɓin saye a ciki. Kaga tamu ba ta samu wannan kariyar ba kenan. A aikace bankuna ba su cika tayar da maganar ba matuƙar kuɗinsu na shiga, amma ikon yana hannunsu, ka gaya wa mai gida a rubuce ya sa hannu ya sani.

Na huɗu: takardu

Takarda biyu ake yi, ta haya daban ta zaɓin saye daban. Dalili, in ka cakuɗa su kuma rigima ta kai kotu, alƙali na iya cewa ai wannan ciniki ne aka yi masa rigar haya, mai zama a ciki ya zama yana da haƙƙi a gidan, fitar da shi sai an bi doguwar hanyar ƙwace gida maimakon 'yar gajeriyar shari'ar ɗan haya.

A takardarka da mai gida lallai a rubuta farashi da ranar da wa'adi zai ƙare, da yadda za ka sanar in ka tashi saye, da cewa kafin alƙalaminka za a cire shi daga farashi. A rubuta ƙarara kana da izinin ba wa wani haya da izinin miƙa zaɓin ga wani, in babu wannan layin babu harkar gaba ɗaya. A rubuta wa ke da gyara, misali abin da bai kai dala 500 ba naka, babba irin rufi da na'urar ɗumama gida na mai gida. A rubuta an hana shi ƙara cin wani bashi a kan gidan, kuma in ya gaza biyan banki kana da ikon ka biya a cire daga farashi. A rubuta yarjejeniyar ta hau kan magadansa in ta Allah ta kasance. Duk wanda sunansa ke kan gidan ya sa hannu, in yana da mata ita ma ta sa, don ana rabuwa a tsakiyar wa'adi a zo ana ja.

Wa'adinka kullum ya fi na wanda za ka saka tsawo, kai 3 shi 2, saboda banki na iya ja masa rai ko ya fasa ka nemi wani.

Bayan an sa hannu abu biyu kar ka kwana ba ka yi ba. Ka kai taƙaitacciyar sanarwar zaɓin ofishin rajistar filaye na gundumar a shigar, ta yadda duk wanda ya zo saye ko ba da bashi a kan gidan zai ga sunanka. Sannan kuɗin haya kar ya bi ta hannun mai gida, a samu kamfanin da ke karɓa ya biya banki kai tsaye ya tura masa canjin, ko kai ka biya bankin da kanka. Inshorar gidan ma mai gida ya mayar da ita ta gidan haya.

Toh ya maganar halacci?

Na san wannan tambayar tana ranka tun sama. Malamai sun yi magana a kan ɓangarorinta. Kafin alƙalamin da ba a mayarwa in an fasa, wanda ake kira arbun, Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya sun hana, Hanbaliyya sun halatta, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma a zamanta na Brunei a 1993 ta halatta shi in an ƙayyade lokacin jira. Hayar da ke ƙarewa da mallaka kuwa, a zamanta na Riyad a 2000 ta ce tana halatta in haya daban ce ciniki daban, hayar ta gaske ce, kuma ɗaukar asarar gidan in ya lalace da babban gyara suna kan mai shi. Kaga raba takardun nan biyu ya yi amfani ta nan ma. Inda aka fi samun matsala shi ne sayar da zaɓin shi kaɗai kamar haja, da kuma sayar da abin da ba ka mallaka ba, don haka tsakaninka da mai shiga alƙawari za a rubuta, ranar ciniki ka fara saye ya zama naka sannan ka sayar masa. Shi ma mai sayen in yana gudun ruwa akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da ke yin tsarin haɗin gwiwa. Ka ɗauki takardun ka kai wa malamin da ya san mu'amalat ya karanta kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba.

Na biyar: wanda za ka saka a gidan

Nan ne harkar ta yi ƙaurin suna, saboda akwai masu saka mutumin da suka san har abada banki ba zai ba shi ba, su cinye kafin alƙalaminsa, ya fita su saka wani. Wannan zalunci ne, kuma irinsa ne ya jawo dokokin da na ambata. Kai ka nemi wanda matsalarsa mai warkewa ce: yana da aiki tsayayye amma makinsa na bashi, wato makin da bankuna ke dubawa su ga yadda yake biyan bashi, ya ɗan yi ƙasa, ko sabon zuwa ne bai gina tarihi ba, ko mai aikin kansa ne irin direban babbar mota da banki ke so ya ga takardun harajin shekara 2. Makin nan daga 300 yake zuwa 850, bashin da FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, ke tsaya wa yana karɓar 580 da zubin farko kashi 3.5 cikin 100, sauran bankuna yawanci daga 620 suke farawa. Mai 550 da ke biyan bashinsa zai iya kaiwa a shekara 2. Kafin ka karɓi ko dala ɗaya ka tura shi wajen jami'in bashin gida ya duba shi ya faɗa muku gaskiya wata nawa yake buƙata da abin da zai gyara.

Kafin alƙalami a kasuwa yawanci tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na farashi ne. Wasu suna ƙara wa mai shiga da cewa duk wata za a lissafa masa wani abu daga haya a cikin kuɗin gida, in za ka yi haka ka sani masu ba da bashi galibi abin da ya haura hayar kasuwa kawai suke lissafawa a zubin farko, kar ka yi masa alƙawarin da banki zai ƙi. Ya dinga biya ta banki don a samu shaida, ba kuɗi a hannu ba. Kuma wajen zaɓe ka kiyaye dokar 1968 da ta hana wariya a gidaje, ba ka da ikon ka ce sai Musulmi ko sai ɗan ƙasarku ko ban da masu yara.

Daga nan sai bibiya, duk wata uku ka leƙa gidan da izini, ka duba bankin mai gida an biya, ka tambayi mutuminka ina aka kwana da maki. Saura wata 4 ko 5 wa'adi ya cika ya shigar da takardun neman bashi. Bankinsa zai turo mai ƙiyasin farashi, in ya ce gidan 210,000 yake ba 220,000 ba to banki a kan 210,000 zai tsaya, ko ka rage ko ya ciko, shi ya sa tun farko ba a zuga farashi. Ka kuma tambayi kamfanin da zai rufe cinikin tun da wuri ko suna yin ciniki biyu a jere, don ba kowa ke yi ba, kuma wasu bashin suna da sharaɗin sai mai sayarwa ya riƙe gida na wani lokaci, FHA kwana 90 ne.

In kuma a gida Najeriya kake son gwadawa

Ana iya yi amma ƙasar daban ce. Babu tsarin maki da bashin gida mai sauƙi da mai shiga zai dogara da shi, yawanci daga aljihu zai biya, don haka shiga tsakiya ba ta cika tafiya ba, wanda ya fi dacewa shi ne kai da kanka ka karɓi gida ko shago ka zuba 'yan haya kana tara kuɗin saye. Mai kama da ita a hukumance akwai tsarin haya har ka mallaka na Bankin Bayar Da Lamunin Gidaje na Tarayya ga masu zubi a asusun gidaje na ƙasa, NHF, da ijara a bankuna irin su Jaiz da TAJ.

Babbar matsalar ita ce naira. Tun da aka saki farashinta a watan Yunin 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, to Alhajin da ya yanke maka gida miliyan 30 yau, bayan shekara 3 ya ga maƙwabcinsa ya sayar 55, wallahi sai ya nemi hanyar zillewa, in bai nema ba 'ya'yansa za su nema masa. Gara ka gajarta wa'adin zuwa shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, ko ku rubuta ƙarin da za a yi wa farashin duk shekara tun yanzu kowa ya san inda ya tsaya. Ka binciki takardar a hukumar rajistar filaye, KANGIS in Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka tabbatar C of O ɗin, wato takardar shaidar mallaka, ba ta jingine a banki, ka je wajen mai unguwa da maƙwabta ka ji ko gidan gado ne da ba a raba ba, in na gado ne duk magada sai sun sa hannu har mata da waɗanda ke aure a wani gari. Lauya ya rubuta, a biya kuɗin hatimi, shaidu su sa hannu, kuɗi ya bi ta banki. Kuma ka tuna Dokar Amfani Da Filaye ta 1978, sashe na 22, miƙa gida mai C of O sai da amincewar gwamna, Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, don haka a rubuta a yarjejeniyar cewa mai gida zai sa hannu a duk takardun neman amincewar, kuma wani kaso na kuɗin ya zauna a hannun lauya har sai ya sa.